Kowane ido lafiya lau, amma tare sun ƙi jituwa

6 ga Janairu, 2025

Na yanke shawarar fara rubuta abin da ke faruwa da idona da kwanan wata, saboda in mutum ya zauna gaban likita aka tambaye shi yaushe abu ya fara, sau nawa yake zuwa, sai ka ji komai ya cakuɗe. To daga yau duk abin da ya faru zan ajiye shi a nan.

Shekarata 34, aikina gaban kwamfuta ne, lambobi nake shigarwa daga safe har yamma. Ina sa gilashi tun ina ɗan shekara 19 saboda ba na ganin nesa sosai, wanda ke fuskata yanzu shekararsa uku, -2.00 ne kowane ido. Wajen wata biyar ke nan abu ya canza. Da safe ras nake gani, amma da na yi kamar awa ɗaya a gaban sikirin sai lambobin su fara dishi-dishi, in lumshe ido in buɗe su dawo, bayan minti biyar su sake, wani lokacin ma ba dishi-dishi ba ne zalla, kamar layin ne ya rabu biyu ɗaya ya ɗan zame gefe, sai in tsallake layi ko in maimaita wanda na riga na wuce. Ga ciwon kai a tsakanin gira, ba mai sara ba, mai nauyi ne kamar an danna da babban yatsa an ƙi ɗagawa. Ga barci da ke zubo min da rana tsaka ko da na yi barci mai kyau da dare.

Matata ce ta fara lura da wani abu. Shekaranjiya ina duba waya ta ce, "Baban yara, wai me ya sa kake rufe ido ɗaya in kana karatu?" Wallahi ban san ina yi ba. Na gwada da gangan kuwa sai na ji rubutun ya tsaya cak, kaina ma ya ɗan sake. Jibi zan je a auna ni.

8 ga Janairu

An auna. Duka bai kai minti goma ba. Na leƙa na'urar nan da ake ganin ɗan hoto can nesa yana washewa yana dushewa, ta fitar da ƴar takarda, aka sa min firem ɗin gwaji aka rufe ido ɗaya na karanta allon haruffa, aka rufe ɗayan na karanta. Na faɗa wa mai awon cewa ni damuwata a kusa take, kuma layi yana rabuwa biyu, ya ce ƙarfin gilashin ne ya yi min kaɗan. Ya rubuta -2.50 kowane ido, da CYL -0.50 AXIS 180 a na dama, wato gyaran astigmatizim, rashin daidaiton lanƙwasar gaban ido. Na karanta layin ƙasa tas da su, don haka ban yi gardama ba.

17 ga Janairu

Na karɓo sabon gilashin jiya. Nesa kam ya fito tarwai, haruffa sun yi baƙi ƙirin amma sun ɗan ƙanƙance. In na sauko matakala ƙasa tana min kamar ta karkace. An ce in ba shi sati biyu ido ya saba.

29 ga Janairu

Sati biyun ya kusa cika, gara jiya da yau. Da sai na yi awa ɗaya ciwon kan yake zuwa, yanzu minti ashirin ya ishe shi, har da ɗan jiri da tashin zuciya in na ɗago kai daga sikirin na kalli ƙofa, sai na jira kamar daƙiƙa uku kafin ƙofar ta fito sosai. Jiya sau biyu na shigar da lamba a layin da ba nata ba, kuma a aikina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yau na yi wani gwaji da kaina. Na riƙe fensir iya tsawon hannu, na zuba wa tsininsa ido, na riƙa matso da shi wajen hanci a hankali, matata na riƙe da rula. Daidai sentimita 14 tsinin ya zama biyu, ta ce a lokacin ta ga idona na hagu ya saki ya koma waje. Ita da ta gwada har fensirin ya kusa taɓa hancinta bai rabu ba. Na koma tsohon gilashina. Na samu rana da likitar ido ranar 4 ga wata mai kamawa, wannan karon cikakken gwaji nake so ba na tsaitsaye ba.

4 ga Fabrairu

Yau na kwashe wajen awa biyu, kuma tun daga tambayoyin na san an zo wani wurin. Abu na farko da ta tambaya shi ne, in na rufe ido ɗaya, biyu-biyun yana ɓacewa ko yana nan? Na ce ɓacewa yake. Ta ce to wannan ya nuna matsalar ta haɗin kan idanun biyu ce, don in da yana nan da ido ɗaya a rufe, sai a nemi dalili a cikin idon kansa, kamar yanar ido ko bushewa ko astigmatizim. Sai ta shiga jero wasu: farat ɗaya ya fara ko a hankali, ina da ciwon suga, hawan jini, na taɓa buguwa a ka, fatar idona tana saukowa da yamma, akwai matsalar maƙoƙo a tare da ni. Ta ce, "Malam, ka riƙe wannan. Ganin biyu-biyu da ya faɗo wa mutum rana ɗaya, musamman da ciwon kai mai tsanani ko fatar ido ta faɗo ko wani sashe na jiki ya yi sanyi, ba maganar gilashi ba ce, asibiti ake tafiya a ranar." Nawa dai a hankali ya zo, kuma a kusa kawai, bayan gajiya. Duk da haka ta sa an auna min jini da suga, duka lafiya, Alhamdulillah.

Daga nan ta karɓi sabon gilashin ta ɗora a na'urar da ke karanta ƙarfin gilashi, ta ɗiga ɗigo da alƙalami a tsakiyar kowane ɓangare, ta ce in sa in kalli madubi. Ɗigon bai hau kan ƙwayar idona ba ko ɗaya. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idona, wadda suke rubutawa PD, milimita 66 ce, shi kuwa gilashin an yanka shi a kan 60, wato kowane ido ya kauce da milimita 3, sannan na dama ya fi na hagu tsayi da milimita 2. Ni a tunanina milimita uku ai ba komai ba ce, sai ta yi min lissafin a takarda: in ido bai leƙa ta tsakiyar gilashi ba, gilashin yana karkatar da haske kamar firizim, wato gilashin da gefensa ɗaya ya fi ɗayan kauri, kuma yawan karkatarwar shi ne kaucewar a sentimita sau ƙarfin gilashin. 0.3 sau 2.50 ya ba da 0.75 kowane ido, jimla 1.5, kuma ta ɓangaren da yake ƙara wa idona aikin haɗuwa ne, aikin da dama shi ne ya gagare shi. Na sama da ƙasan kuma 0.5, ta ce ido ya fi jure kuskuren gefe da gefe a kan na sama da ƙasa nesa ba kusa ba. Ƙa'idar Prentice ake kiran lissafin, da sunan mutumin da ya fito da ita tun 1890. Raina ya ɓaci gaskiya, don ranar da na zaɓi firem ba wanda ya ɗora rula a fuskata.

Sai gwajin ja da kore. Allo ne rabinsa ja rabinsa kore da baƙaƙen haruffa a kai, da sabon gilashin na koren suka fi fitowa sosai, ta ce alamar an zarce da ƙarfin ragi ke nan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne gwajin rufe ido, don ba na'ura ba komai, ɗan faifai ne kawai kamar ludayi. Ta ce in kalli harafi ɗaya, ta rufe dama, ta matsar zuwa hagu, ta dawo, tana kallon idon da ta buɗe. Ni kaina ina jin harafin yana tsalle. Ta ce duk idon da ta rufe zamewa yake waje ya huta, da ta buɗe sai ya dawo ciki da sauri. Kowane ido tsokoki shida ke juya shi, huɗu miƙaƙƙu na sama da ƙasa da ciki da waje, biyu kuma a karkace, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, ta 3 da ta 4 da ta 6. Goma sha biyun nan dole su saita idanu biyu a kan ɗigo ɗaya, in ba haka ba hoto biyu ƙwaƙwalwa za ta karɓa. Na tambaye ta ko harara-garke ke gare ni ban sani ba. Ta ce a'a, harara-garke shi ne idon ya kauce a fili kowa na gani ko da duka a buɗe suke, nawa ɓoyayye ne, foriya suke ce masa, mai zamewa waje kuma ekzoforiya, yawancin mutane suna da ɗan kaɗan kuma ba ya damun su, sai in ya fi ƙarfin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa. Ta ƙara da cewa kar in ɗauka tsokar ce ta shanye, don da ta sa na bi fitila sama da ƙasa da gefe duka suna tafiya har ƙarshe, haɗin kan ne da juriyar suka yi rauni.

A ƙarshe ta ɗiga min maganin da ke kwantar da tsokar cikin ido, wadda ke lanƙwasa ɗan madubin da ke cikin ido in za a kalli kusa, saikulofentolet, aka jira kamar minti talatin da wani abu aka sake awo. Ta ce matashi idonsa kan yi ta matsa kansa lokacin awo har na'ura ta ɗauka ya fi haka rashin ganin nesa, maganin ne ke hana shi. Zan dawo bayan sati don a kammala ba tare da magani ba.

5 ga Fabrairu

Na jiya ma sai yau da yamma na iya rubuta shi, don maganin ya hana ni ganin kusa kusan kwana guda, hasken rana kuma kamar allura. Duk wanda za a ɗiga wa ya tafi da baƙin gilashi kuma kar ya tuƙa kansa.

11 ga Fabrairu

Ga ainihin awona: dama SPH -1.75, CYL -0.50, AXIS 170, hagu SPH -1.75 ba CYL, PD 66. Ashe har tsohon gilashin ya ɗan zarce da 0.25, sabon kuwa da 0.75, mataki uku ke nan tunda da 0.25 ake hawa. Na sa likitar ta fassara min takardar layi-layi. SPH shi ne ƙarfin gaba ɗaya, alamar ragi ta mai rashin ganin nesa ce, ta tarawa kuma ta mai wahalar kusa. CYL na astigmatizim ne, wato gaban idon bai yi zagaye ɗaya ba, wani ɓangaren ya fi wani lanƙwasa, AXIS kuma kusurwar da za a kwantar da gyaran, daga 1 zuwa 180. Akwai gurbin ADD da aka bari fayau, na ƙarin ƙarfin karatu ne da mutane kan fara buƙata daga wajen shekara 40.

Abin da ya ɗaure min kai tun farko shi ne yadda na karanta layin ƙasa da gilashin da bai dace ba. Ta ce allon nan, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, abu ɗaya yake aunawa, kaifin ganin ido daga mita 6, kuma 6/6 na nufin ka karanta daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 6. Ba ya faɗin wahalar da idon ya sha kafin ya karanta, ba ya faɗin komai a kan kusa, kuma ido ɗaya-ɗaya ake yi. Ni kuwa da ido biyu nake aiki, a tazarar hannu, awa takwas. A ganina duk wanda ya ce damuwarsa a karatu take, bai kamata a sallame shi ba sai an gwada idanun tare kuma a kusa, gwajin faifan nan bai fi minti ɗaya ba.

Lambobin haɗin ido kuma, da sandar firizim ta auna. Awon firizim 1 shi ne wanda ke kautar da haske sentimita 1 a tazarar mita 1. Zamewata a nesa 4 ce, a kusa 12. Ƙarfin da nake da shi a ajiye na jawo idanu ciki kafin rubutu ya dushe 15 ne. Akwai ƙa'idar da suke bi, ta Sheard, cewa don mutum ya yi aiki cikin nutsuwa ajiyar ta kai ninki biyu na zamewar, wato ni 24 nake buƙata ga shi ina da 15. Wurin da fensir ke rabuwa ita ma 14 ta samu, ta ce an fi son ya kasance ƙasa da 10, wasu ma 6 suke ɗauka. Sunan abin dai raunin haɗa ido a kusa.

Hanya biyu ta ajiye min. Ko a saka firizim a cikin gilashin, kaurinsa ta wajen hanci, ya kawo hoton inda idon ya fi son zama, a lissafinta 3 zai yi, a raba 1.5 kowane ido. Ko kuma atisaye don a ƙara ajiyar. Ta ce firizim yana kawo sauƙi nan take amma ba ya ƙara ƙarfi, kuma wasu idonsu kan saba da shi har a koma neman ƙari. Shawararta a fara gyara gilashin tukuna, sannan atisaye na sati 12, in bai yi ba firizim na nan. Na yarda.

20 ga Fabrairu

Gilashi na uku ya fito ranar 17. Wannan karon sai da aka daidaita firem ɗin a hancina da kunnena sannan aka ɗiga alamar ƙwayar ido a kai, kuma da ya fito ban tafi ba sai da aka ɗora shi a na'ura a gabana aka nuna min tsakiyar. Nauyin goshin nan ya ragu sosai tun rana ta biyu, jirin ya tafi, matakala ta miƙe.

Amma biyu-biyun ya ƙaru! Hankalina ya tashi, na ce an gudu ba a tsira ba. Na kira likitar, ta ce dama ta yi tsammanin haka. Wai lanƙwasa madubin ido da jawo idanu ciki a ɗaure suke da juna, in ɗaya ya motsa sai ya ja ɗayan. Gilashin da ya zarce yana tilasta wa idon ya yi ta matsawa a ciki, matsawar ce ke kawo nauyin kai, amma kuma ita ce ke ɗan taimaka wa idanun su haɗu. Da aka cire zarcewar, taimakon ya tafi, zamewar ta fito da ainihin girmanta. "Ba sabuwar cuta ba ce Malam, wadda ke ɓoye ce ta bayyana." Na sauke ajiyar zuciya, amma gaskiya da ta faɗa min tun kafin in sa da ban kwana biyu cikin zulumi ba.

27 ga Fabrairu

Zama na farko da mai koyar da atisayen ido. Kafin komai ta ba ni tambayoyi 15 na alamomi, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, ga babba 21 zuwa sama alamar matsala ce. Na samu 34.

Na tambaye ta ko fensir kaɗai a gida ba zai wadatar ba, don zuwa duk sati ɗawainiya ce. Ta kawo min wani babban bincike da aka yi a Amurka, CITT, aka wallafa a 2008, yara 221 ƴan shekara 9 zuwa 17 na tsawon sati 12. Waɗanda aka yi wa atisaye a gaban ƙwararre tare da aikin gida, kashi 73 cikin ɗari sun warke ko sun samu ci gaba, masu fensir a gida kashi 43, waɗanda aka yi wa atisayen bogi don kwatance kashi 35. Ta ce a kan yara aka yi, ni babba ne, amma dai ya nuna fensir shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Na ji daɗin yadda ba ta ƙara gishiri ba.

Aikin gida minti 15 ne, kwana biyar a sati. Babbansu zaren Brock: kirtani kamar mita biyu da maɓallai uku masu kala daban, a ɗaure bakinsa a mariƙin ƙofa, ɗaya bakin a riƙe a kan karan hanci. In ka kalli maɓalli ɗaya ya kamata ka ga kirtani biyu sun gitta juna daidai kan maɓallin kamar X. Abin da ya burge ni shi ne kirtanin ba ya ƙarya, in sun gitta a bayan maɓallin to idanun ba su shigo sosai ba, in kirtani ɗaya ya ɓace to ƙwaƙwalwa ta kashe hoton ido ɗaya don ta huta. Nawa na hagu ne ke ɓacewa, sai na ƙifta ido ko na girgiza kirtanin yake dawowa. Maɓallin kusa yau a sentimita 20 na iya riƙe shi. Akwai kuma kati mai ɗigo-ɗigo, da tsalle daga harafin nesa zuwa na kusa.

9 ga Maris

Fensir 12. Atisayen kansa yana sa ido ya yi zafi da hawaye na kamar minti goma bayan an gama, an ce haka yake da farko. Na mayar da shi safe don da dare ba na iya komai.

Na kuma gyara wurin aiki: sikirin ya koma tazarar hannu, samansa daidai da idona, na ƙara girman rubutu, na sa ƙararrawa duk minti 20 in kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Da farko na raina wannan, amma ranar da na manta ina gane bambancin da yamma.

24 ga Maris

Ƙarshen wata ya matso, aiki zai ninka, na ce wa likita ina tsoron satin nan. Ta liƙa min firizim na wucin gadi a cikin gilashin hagu, mai ƙarfin 3. Wata ƴar roba ce siririya mai layi-layi, da ruwa ake manna ta kuma ana ɓarewa, Fresnel suke kiranta da sunan wani masanin haske Bafaranshe. Da na sa na kalli waya sai na ji kamar an sauke min kaya daga fuska, abin har ya ba ni mamaki, rubutu ya zauna ba tare da na riƙe shi ba. Aibinsa yana ɗan dusashe gani a wannan idon kuma fitilu suna yin kala-kala a gefe. Sharaɗinta da yamma kawai, sati ɗaya kawai, kuma in cire lokacin atisaye da tuƙi.

2 ga Afrilu

Na ɓare shi jiya. Na gama aikin wata ba kuskure ko ɗaya. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so in ce a saka min na dindindin a huta, don sauƙin da na ji na gaske ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne rana ta biyar na lura da na cire shi biyu-biyun yana saurin dawowa fiye da da. Likitar ta ce ko sabawar ido da firizim da ta yi magana a kai ce ko gajiyar satin. Fensir 11.

19 ga Afrilu

Zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana tara ban taɓa kirtani ba, zama biyu sun wuce ni. Na auna fensir ya koma 13, jikina ya yi sanyi ƙwarai. Mai atisayen ta ce rashin lafiya da rashin barci suna rage ajiyar ko ga mai lafiyayyen ido, kar in auna kaina a irin wannan ranar. An ƙara min sati biyu a kan 12 ɗin.

4 ga Mayu

Wani abu ya faru a satin nan da ban san yadda zan kwatanta shi sosai ba. Da in zan haɗa kirtanin sai na yamutsa fuska na riƙe numfashi, yanzu na gano inda abin yake, kamar yadda mutum ke gano yadda ake ɗaga gira ɗaya, ina iya jawo idanun ciki da gangan ba tare da fensir ko maɓalli ba, in sake su, in sake jawowa. Maɓallin kusa ya zo sentimita 9, kirtanin hagu ya daina ɓacewa sai jefi-jefi. An fara sa min gilashin juyi mai firizim, gefe ɗaya yana tura idanu ciki ɗayan waje, ana ƙirga sau nawa zan haɗa hoton a minti ɗaya. Satin farko 6, yau 11. Matata ta ce ta fi sati biyu ba ta ga na rufe ido ba.

5 ga Yuni

An sake cikakken awo yau. Ƙarfin gilashin bai motsa ba, -1.75 yana nan, ja da kore sun yi daidai. Fensir 7. Ajiyar ta tashi daga 15 zuwa 26, ta haye 24 ɗin da ake nema. Tambayoyi 15 ɗin nan na samu 17. Zamewar kanta tana nan 12 a kusa, kuma likita ta ce dama ba ita ake sa ran ta canza ba, ƙarfin riƙe ta ne aka ƙara. Ba za a saka firizim ba yanzu.

Ba wai an gama ba ne. Bayan ƙarfe huɗu na yamma, in na kwana ban yi barci sosai ba, ƙananan lambobi suna ɗan rawa, kuma karatu a waya a kwance har yanzu yana gajiyar da ni cikin minti 30. Zuwa duk sati ya ƙare, aikin gida ya koma sau uku a sati na wata uku, daga nan sau ɗaya. Ta ce in riƙa auna fensir ranar farko ta kowane wata da safe ina rubutawa, in ya wuce 10 sau biyu a jere in dawo kafin ranata. Ranar komawa 4 ga Satumba, kuma ta ce in zo da duka gilasan uku da wannan rubutun.